Yaushe Ƙaramar Mesa Take Isa Yin Ƙwai?

 

Na san wasunmu da ganin kalmar mesa a saman takardar nan tsigar jikinsu ta tashi, wasu ma sun ɗan ja da baya kamar takardar ce za ta yi sara. A kwantar da hankali. Macijiyar da za mu yi magana a kanta ba ta da dafi, yawancinsu ba su kai tsawon ɗalibin aji uku ba, kuma in ta tsorata faɗa ba ya gabanta. Dunƙulewa take yi ta cusa kanta a tsakiyar jikinta, ta zama curi guda kamar ƙwallo, har sai abin da take tsoro ya wuce. Daga wannan hali nata ne Turawa suka raɗa mata sunan da ke nufin mesar ƙwallo. Mu a nan za mu kira ta ƙaramar mesa, don mu bambanta ta da babbar mesar da muka sani, wadda ke iya haɗiye akuya.

Tambayar da za mu bi diddiginta ita ce wadda masu kiwon wannan macijiya suka fi yi wa juna: yaushe ne ƙaramar mesa take isa a haɗa ta da namiji? Kada wani ya ce ina ruwanmu da wannan. Tambayar nan ce dai mai kiwon awaki yake yi game da budurwar akuyarsa, ita ce kuma Bafulatani yake yi game da ƙarsanarsa. Wanda ya fahimci amsarta a jikin maciji ya fahimci wani babban yanki na darasin hayayyafa da muke yi a Bayoloji.

Wace ce ita?

Sunanta a kimiyyance Python regius. Wani masanin dabbobi ɗan Ingila mai suna George Shaw ne ya fara bayaninta a rubuce a shekarar 1802. Kalmar regius ta Latin ce, ma'anarta ta sarauta. 'Yar Afirka ce gaba da baya. Ana samunta tun daga Senegal, ta biyo ta Ghana da Togo da Benin da Nijeriya da Kamaru, har zuwa Sudan ta Kudu da Yuganda. Ta fi son daji mai ciyawa da bishiyoyi jefi-jefi, da gefen gonaki inda ɓeraye suke. Da rana tana kwance a ramin gafiya ko cikin tsohon suri, sai dare ya yi take fita. A leɓenta na sama akwai wasu 'yan ramuka da take jin ɗumin jikin dabba da su, shi ya sa duhu ba ya hana ta kama ɓera. Wani bincike da aka yi a kudu maso gabashin Nijeriya ya nuna mazan sun fi hawa bishiya su ci tsuntsaye, matan kuwa sun fi zama a ƙasa su ci dangin ɓera.

Babbarta takan kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma mace ta fi namiji girma da kauri. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To me ya sa mutum zai kiwata maciji? A Amurka da Turai da Japan mutane na ajiye ta a gida cikin akwati, kamar yadda muke ajiye tantabaru ko zomaye, saboda sanyin halinta da kyan zanen fatarta. A 1992 wani Ba'amurke mai suna Bob Clark ya yi nasarar ƙyanƙyashe zabiyarta, fara mai ɗishi-ɗishin ruwan ɗorawa da jajayen idanu. Daga nan kasuwa ta buɗe. Masu kiwo suka shiga haɗa launi da launi, har yanzu ana da ire-iren zane masu ɗimbin yawa, kuma sabon launin da ba kowa ke da shi ba yakan yi tsada ƙwarai kafin ya yawaita farashinsa ya faɗi. A nan ne gaggawa take shigowa. Wanda ya sayi mace mai tsada yana so ta yi masa ƙwai bana, tun kafin maƙwabcinsa ya cika kasuwa da irinta.

Alƙaluman da aka sani

Ɗan ƙaramar mesa yana fitowa daga ƙwai da nauyin da bai wuce giram 60 zuwa 100 ba, tsawonsa kuma ya ɗan zarce na rular ajinmu mai santimita 30, wani ma bai kai ba. Namiji yakan balaga tsakanin wata 11 zuwa 18. Mace takan ɗauki wata 20 zuwa 36. Ta fuskar nauyi, masu kiwo sukan jira namiji ya kai giram 600 zuwa 800. Mace kuwa ƙa'idar da ta fi yaɗuwa a tsakaninsu ita ce kada a haɗa ta sai ta kai giram 1,500, wato kilo ɗaya da rabi, kuma da yawansu sukan ƙara da cewa sai ta ga lokacin sanyi na uku a rayuwarta.

Da a ce jarrabawa ce ta cike gurbi, da mun haddace waɗannan mun tashi. Amma alƙaluman nan ba daga sama suka faɗo ba, kuma wanda ya riƙe su bai san dalilinsu ba zai iya bin su daidai ya kuma kashe macijiyarsa. Saboda haka bari mu shiga dalilin.

Da me take biyan kuɗin ƙwai?

Duk wanda ya taɓa tsayawa ana gyaran kaza mai ƙwai ya ga jerin gwaiduwa a cikinta, manya da ƙanana, suna jiran layi. Haka abin yake a cikin macijiya. Sai dai akwai bambanci babba. Kaza tana tsattsagar abinci yau ta yi ƙwai gobe, wato da cinikin yau take biyan bukatar yau. Mesa kuwa da ajiya take haihuwa. Akwai kitse da take tarawa a cikin cikinta tsawon watanni, wani lokaci shekaru. In lokacin ƙwai ya zo, hantarta ce take sarrafa wannan ajiya ta mayar da ita sinadarin gwaiduwa, jini ya kwashe ya kai wa ƙwayayen, su yi ta girma har kowanne ya kai wajen santimita huɗu ko ya ɗan wuce. Kuma duk a lokaci ɗaya suke girma, don ita ba ɗaya-ɗaya take sakawa ba. Rana guda take zube su gaba ɗaya.

Takan yi ƙwai 3 zuwa 11, amma shida ko kusa da haka ya fi yawa. Ƙwan nata ya fi na kaza girma, ɓawonsa kuma ba ya fashewa kamar na kaza, laushi gare shi kamar jemammiyar fata. Guda ɗaya yakan kusa giram 100. To mu ɗauki alli. Ƙwai shida, kowanne giram 90, ya kama giram 540. In macijiyar kilo ɗaya da rabi ce, ta fitar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ke nan a dare ɗaya. Ɗalibi mai kilo 45 ya kwatanta a ce ya kwana ya tashi kilo 16 sun bar jikinsa.

Ba a nan wahalar ta tsaya ba. Tun kafin ta saka ƙwan take daina cin abinci, don cikin ya cika, babu wurin ɓera. In ta saka kuma sai ta naɗe su ta yi kwanci na kwana 55 zuwa 60, nan ma ba ta ci. In aka haɗa kwanakin, wata uku zuwa huɗu ne ko fiye babu ko loma ɗaya. Wadda ta shiga wannan da ajiya mai kauri za ta fito a rame amma da ranta, ta ci ɓeraye na 'yan watanni ta murmure. Wadda ta shiga da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ita kanta ba ta gama girma ba, abincin da ya kamata ya gina ƙashinta da tsokarta shi ne ya tafi cikin ƙwai. Irin wannan takan daɗe ba ta dawo daidai ba, girmanta ya tsaya, wata ma sai ta tsallake shekara ɗaya ko biyu kafin ta sake yin ƙwai. Mai gaggawar ya samu ƙwai uku bana, ya rasa shida baɗi. Sauri ya haifi nawa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Ƙwan ƙaramar mesa ba ya ƙanƙancewa sosai don uwar ƙarama ce. Ƙaramar uwa ƙwai kaɗan take yi, amma kowanne babba ne, kuma ta hanya ɗaya zai fito. In jikinta bai yi faɗi ba, ko tsokarta ba ta da ƙarfin naƙuda, sai ƙwai ya maƙale. Na bayansa ma duk sun tsaya ke nan. In ba a kai ta wurin likitan dabbobi da wuri ba, ƙwan yakan lalace a ciki ya kashe ta. Likitan kan gwada allura, ko ya zuƙe ruwan ƙwan da sirinji don ya motse ya fito, in duk sun ƙi sai tiyata. Wadda aka yi wa tiyata kuwa ba lalle ta sake haihuwa ba. Maƙalewar ƙwai na iya samun babbar macijiya ma, musamman mai teɓa ko wadda ba ta samu wurin saka ƙwai mai kyau ba, amma ƙarama ta fi shiga haɗarin.

Sai baragurbi. A wurin macizai, ƙwan da bai samu maniyyi ba yakan fito ƙarami, mai tauri, launinsa rawaya-rawaya, ba fari sol kamar mai kyau ba. Masu kiwo sun lura waɗanda aka haɗa da wuri sun fi yin irinsa. Ta dai kashe ajiyarta, ta yi azumin, ta yi naƙudar, ba ɗa ko ɗaya.

Abin da aka gano a Togo

A nan ne na fi jin daɗin karatun nan. Wani masani ɗan Faransa mai suna Fabien Aubret da abokan aikinsa sun yi gwaji a ƙasar Togo a kan macizan da ke kwanci, aka buga sakamakon a 2003. Sun rage wa wasu uwaye ƙwai, sun ƙara wa wasu, sun bar wasu da nasu yadda suke. Waɗanda aka ƙara wa sai jikinsu ya kasa rufe ƙwan duka. Ƙwayayen da suka leƙo waje suka riƙa rasa ruwa suna motsewa, wasu 'ya'yan suka mutu a ciki, waɗanda suka fito kuma ba su kai sauran girma ba.

Ashe naɗewar da uwa take yi ba gadi kaɗai ba ne. Jikinta murfi ne. Da yake ɓawon mai laushi ne, ruwa na fita ta cikinsa, kuma a ƙasashen da take zaune ƙwan yana zuwa ne a ƙarshen rani, kusan daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da iska ta bushe. 'Ya'yan su ƙyanƙyashe da faɗuwar damina, daidai lokacin da ƙananan ɓeraye suka yawaita. Ke nan tsawon uwa da kaurinta su ne suke yanke yawan ƙwan da za ta iya rainonsu. Mun san wannan a gida: ba a tara wa ƙaramar kaza ƙwan zabi ashirin, don na gefe sanyi zai kama su.

Masanan nan sun kuma auna uwayen kafin kwanci da bayansa, suka ga nauyin da suke rasawa a wata biyun nan kaɗan ne, bai kai kashi shida cikin ɗari ba. Wato kwanciya shiru ba ta cin jiki sosai a wurin dabbar da ba ta ƙona abinci don ɗumama jininta. Babban kuɗin a wajen ƙera ƙwan ake biyansa. Shi ya sa ko da mai kiwo zai kwashe ƙwan ya sa a injin ƙyanƙyasa, kamar yadda yawancinsu suke yi a zafin digiri 31 zuwa 32, bai ɗauke wa uwar babban nauyin ba. Ta riga ta biya tun kafin ya ga ƙwan.

Sikeli ma yana ruɗi

Da jin ƙa'idar kilo ɗaya da rabi, sai wasu masu wayo suka ce ai abin mai sauƙi ne. Maimakon ɓera ɗaya a mako, sai su riƙa ɗura mata babba duk bayan kwana uku ko huɗu, irin kiwon turka da ake yi wa ragon Layya. Cikin shekara ɗaya da 'yan watanni allurar sikeli ta nuna 1,500. Amma ragon Layya yanka shi za a yi, ba wanda ya damu da yadda hantarsa za ta kasance nan da shekara goma. Wannan kuwa dabba ce da ke rayuwa shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula da ita. Wadda aka turke tana da nauyin babba, amma tsawonta da kanta na yarinya ne, kayan cikinta na haihuwa ba su gama nuna ba, kitse ya lulluɓe hanta, tsoka kuma babu. In ƙwai ya zo fita, tsoka ce ke turo shi, kitse sai dai ya tare hanya.

Don haka gwanayen kiwo ba sa tsayawa ga sikeli, suna duba surar jiki. A kalli macijiyar ta gaba, a ƙaddara an yanka ta a tsakiya kamar rake. Mai lafiya yankan zai fito kamar dala mai kusurwa uku wadda aka goge kusurwoyinta, ko kamar burodin da ya tashi da kyau: ƙasa a shimfiɗe, gefe a cike, gadon baya a ɗan tashe. Ramammiya ƙashin bayanta zai fito tsini kamar kunyar gona, gefenta a lotse. Mai teɓa kuwa zagaye take kamar taɓarya, ƙashin bayan ya nutse har ya zama kwari, fata tana leƙowa tsakanin ɓawon jikinta, kuma gab da wutsiya jikin yakan yi dunƙule sannan ya tsuke farat ɗaya. In an ɗauke ta, mai lafiya za ta riƙe hannu da ƙarfi, mai teɓa kuwa sai a ji ta luguf.

Ko awon kansa yana da ƙa'ida. Ba a auna ta washegarin cin abinci, kuma an fi so a auna bayan ta yi kashi, don mesa takan riƙe kashi na makonni, nauyinsa kuma ba kaɗan ba ne. Mai kiwon kirki yana da littafi ko kati ga kowace macijiya: ranar ƙyanƙyasa, ranar da ta ci, ranar da ta ƙi, ranar da ta yi saɓa, nauyinta duk wata. Awo ɗaya ba ya faɗin komai. Jerin awo na shekara biyu shi ke nuna ko tana hawa a hankali ne, ko ta tsaya, ko tana gangarowa. (Masu ƙorafin cewa zana jadawali a darasin Lissafi ba shi da amfani, ga amfaninsa.)

Shekaru ma haka. Ƙaramar mesa ta yi suna wajen yajin cin abinci. Takan rufe baki wata uku, wata biyar, ba ciwo ba komai. Saboda haka ana iya samun mai shekara huɗu da ba ta wuce kilo ɗaya ba. Shekarunta sun kai, ajiyarta ba ta kai ba. Ita ma jira za a yi. Shekaru da nauyi da surar jiki, sai sun taru a macijiya ɗaya, kuma tana cin abincinta ba fashi a watannin da suka gabata, ba ta da mura ko ƙwari a fata.

Namiji fa?

Nasa da sauƙi, don ba shi zai ƙera ƙwai ba. Akwai waɗanda suka yi barbara da nauyin giram 400 ma. Alamar balagarsa ita ce wani farin abu mai kauri, busasshen maniyyi, da ake gani in gwani ya matsa gindin wutsiyarsa a hankali. Ta wannan wurin ne kuma ake gane namiji da mace, don ba a iya bambanta su da ido daga nesa, aiki ne kuma na wanda ya ƙware, ɗan koyo na iya ji wa dabbar ciwo. Abin lura game da shi ɗaya ne: in lokacin barbara ya zo yakan daina ci, hankalinsa duk ya koma kan mata. Ƙaramin namijin da aka riƙa zagayawa da shi akwatin mata huɗu ko biyar zai zube. Shi ya sa ake son ya kai giram 600 zuwa 800, a riƙa ba shi hutun 'yan kwanaki tsakani, a kuma janye shi in ya fara ramewa.

In lokacin ya yi

A dajin Afirka ta Yamma barbara takan kama daga wajen Satumba zuwa Nuwamba. Masu kiwo a ƙasashen sanyi su ma sukan fara haɗawa a ƙarshen shekara, wasu har su ɗan rage zafin akwati da dare. In mace ta shirya, takan nuna. Za ta riƙa neman ɓangaren akwati mai sanyi, ta naɗe kwanon ruwanta, launinta ya ƙara haske. In sun haɗu da namiji sukan sarƙe wutsiya su kwanta shiru na sa'o'i da yawa, wani lokaci yini da kwana. Manyan masu kiwo suna amfani da na'urar hoton ciki, irin ta awon masu juna biyu, su auna girman ƙwayayen. Bayan watanni sai a wayi gari tsakiyar jikinta ya kumbura kamar ta haɗiyi babban ɓera alhali ba ta ci komai ba. Ƙwayayen ne suka gangaro, kuma kumburin bai fi kwana ɗaya ba yake saɓewa. Bayan kamar mako uku ta yi saɓa, bayan saɓar da kamar kwana 30 ta saka ƙwai.

Wadda ba ta shirya ba kuwa takan guje wa namijin, ko ta karɓe shi amma ƙwayayen su ƙi girma, jikinta ya tsotse su ya mayar ajiya. Wannan dabara ce da Allah ya hore mata ta kare kanta. Sai dai ba kullum take aiki ba, kuma a daji in ba ta so sai ta sulale ta bar wurin, a akwati kuwa ina za ta?

Wata hujja da amsarta

Masu gaggawa suna da hujja, kuma ya kamata mu saurare ta. Sukan ce a daji an sha samun mace mai giram 800 ɗauke da ƙwai, wa ya auna ta a sikeli? Gaskiya ne an samu, ko da yake masu giram 1,200 zuwa sama sun fi yawa. Amma a ganina hujjar ba ta kai inda suke so ta kai ba. Macijiyar daji mai giram 800 wataƙila ta shekara huɗu ko biyar, tsoka ce zalla, ta yi girmanta a hankali da farautar kanta. Ba ɗaya take da 'yar wata goma sha huɗu da aka turke ba. Na biyu, a daji ba ta da tabbacin ganin baɗi: ga shaho, ga gobarar daji, ga mafarauci. Wadda ta yi ƙwai uku bana ta mutu ta bar iri, wadda ta jira aka cinye ta ba ta bar komai ba. Kuma ba wanda ya bi ramuka ya ƙirga waɗanda ƙwai ya kashe. A akwati babu shaho. Dalilin da zai sa ta yi kasada ya kau, sai dai dalilin mai ita.

Ga kuma yawan lokacin da ke gabanta. A watan Yulin 2020, a gidan namun daji na birnin St. Louis da ke Amurka, wata ƙaramar mesa da aka ƙiyasta shekarunta 62 ta saka ƙwai bakwai, alhali ta fi shekara 15 ba ta haɗu da namiji ba. An san macizai na iya ajiye maniyyi a jikinsu na wani lokaci, an kuma tabbatar wannan jinsin kan yi ƙwai mai ɗa ba tare da namiji ba jefi-jefi. Wannan darasi ne na wani makon. Abin da ya shafe mu yau shi ne dabbar da ke iya ƙwai bayan shekara sittin, jiran shekara ɗaya bai rage wa mai ita komai ba.

Maganar ba ta tsaya a akwatunan Turai ba. Tun daga shekarun 1970 an fitar da miliyoyin ƙananan mesa daga Afirka ta Yamma, akasari daga Togo da Benin da Ghana. Mafarauta kan tono mata masu ƙwai daga ramuka, a ajiye su har su saka, a ƙyanƙyashe a sayar da 'ya'yan, a mayar da uwayen daji tare da wani kaso na 'ya'yan. Cinikin yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kula da fataucin namun daji tsakanin ƙasashe, ƙungiyar IUCN kuma ta sa jinsin a sahun waɗanda suka kusa shiga barazana. In mun tuna mace na bukatar shekara biyu zuwa uku kafin ta fara, kuma ƙwai shida take yi, ba ma lalle kowace shekara ba, za mu gane kowace babbar mace da aka rasa a daji giɓi ne mai wuyar cikewa, manomi kuma ya rasa mai kama masa ɓeraye kyauta. Kiwon da aka yi da haƙuri, inda mace ɗaya za ta yi shekara ashirin tana ba da 'ya'ya, yana rage bukatar zuwa tono na daji.

Gargaɗi

Kada wani ya karanta wannan ya tafi gona hutu ya ga gajeren maciji mai kauri da zane ya ce ai ga ta nan, ba ta da dafi. Kasa ma gajeriya ce mai kauri da zane, kuma ita ma kwanciya take yi shiru. Kububuwa kuwa ƙarama ce, ita ma takan naɗe jikinta, kuma ita ce ta fi kai mutane asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe. Kama da wane ba ta wane. Duk macijin da aka gani a ba shi hanya, a kira manya. In an yi sara, asibiti kai tsaye, ba tsaga ba tsotsa.

Aikin wannan mako

Mai kiwo yana da mata uku. Ta farko watanta 15, nauyinta giram 1,520, zagaye take kamar taɓarya. Ta biyu shekararta huɗu, nauyinta giram 1,150, makon jiya ta karya yajin cin abinci na wata huɗu. Ta uku watanta 34, an auna ta bayan ta yi kashi aka samu giram 1,600, ba ta ƙi abinci ba tun farkon shekara. Wacce zai haɗa da namiji bana, kuma me zai yi da sauran biyun, kowacce da dalilinta?

Na biyu, na 'yan Lissafi: mace mai giram 1,800 ta saka ƙwai shida, kowanne giram 95. Kashi nawa cikin ɗari na nauyinta ta fitar? In tana ƙara giram 60 a wata, wata nawa za ta yi kafin ta koma nauyinta na da?

A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin kulob kafin tashi ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.